Rigar da Na Wanke Na Ɗinke

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gidan nan duka, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki na kicin da ɗaliban da kuke ciyarwa. Yaya ƙafar? Direba ya ce ya gan ki kina ɗingishi ranar da ya kai miki saƙo. Ki riƙa samun kujera in kina yanke-yanke, tsayuwar nan ce ke cin ki. Mu nan alhamdu lillahi. Tarin Malam ya yi sauƙi. Ni kuma idanu ne, baƙin zare a kan baƙin yadi sai na fito tsakar gida nake ganinsa.

Yaya, akwai magana, kuma ba ta waya ba ce. Kin san wayata, in ana magana har maƙwabta na ji, ke ma a makarantar nan ba ki da wurin keɓewa. Shi ya sa na jira tafiyar direba.

Tsautsayi ya sami Auta a kantin yadin da take aiki. Jikinta da sauƙi, tana taɓa abinci kaɗan kaɗan, kada hankalinki ya tashi. Sai dai ba ta zuwa aikin yanzu, tana ɗaki. Abu ne da ya shafi mutumin nan mai kula da sito, ƙanen matar mai kanti, kuma maganar ta fara zaga unguwa. Ban san yadda ake rubuta irin wannan a takarda ba, biron ma nauyi yake mini. Na dai yi abin da zan iya. Na hana ta fita sai da dalili. Na ɗebo rigunanta duka na ƙara musu tsawo, masu faɗin wuya na rufe su, don a rage abin faɗa. Malam ya ce a rufa asiri, Allah ya rufa mana namu.

Amana kika ba ni, ga shi ban tsare ta yadda ya kamata ba. Ki yafe mini. Ki sa ta a addu'a, ki kuma aiko mata da 'yan kalmomi, na san naki za su fi nawa shiga.

Ƙanwarki.

*

Ustaziyar gidanmu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ƙafa da sauƙi, in dai sauƙi ne mutum ya wuni a kan tukunyar da ta fi shi girma. Ki gai da Malam, ki ce ya daina kwana a ƙarƙashin fanka yana neman wanda zai ɗora wa laifin tari.

Kin yi ta kewaye-kewaye kamar mai tsoron taka ƙaya, amma ni na haife ta, ba sai an buɗe mini tukunya nake sanin abin da ke ciki ba. Ke da ba ki taɓa sa almakashi a kayan wani ba sai da dalili, tun da har kika zauna kika ƙara wa rigunanta tsawo, na san idonki ya ga abin da ya gani. Kunya ce ta hana ki faɗa.

Sau nawa na ja mata kunne a kan dariyar nan tata? Kowa ya yi magana sai ta washe haƙora. Ga turare, ga tsayawa hira da masu saye kamar ta san su tun ran suna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maza nawa ne ke wucewa ta gabana kullum a nan, masu kawo itace, masu kawo buhuna, wa ya taɓa tare ni? Ina nan wuta na cin hannuna don ta yi karatu ta zama mutum, ubanta yana kabari, ita kuma abin da za ta saka mana da shi ke nan. Ta zubar mini da mutunci, ta zubar da naki a unguwar da ake ganin girmanki.

Ga abin da za a yi. Ki shirya ki je wurin matar mai kanti ki ba ta haƙuri, ki ce ƙuruciya ce, a bar maganar a nan. In direba zai sake tahowa ki ɗora mini ita a gaban mota. Akwai tukwanen da ba su da mai wankewa, ta zo ta yi dariyar da su.

Kin ce in aiko mata da kalmomi. Ba ni da su. Ki ce mata na ji.

Ke kuwa ba ki da laifi, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ki nemi maganin idon nan tun bai yi nisa ba.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi wa ƙafarki addu'a. Muna lafiya, in ban da abin da za ki karanta.

Yaya, ranar da takardarki ta zo, tabarauna ya faɗi a bakin famfo ya tsage. Na ga rubutunki a bayan ambulan na yi murna, na ce ga maganin uwa ya iso. Sai na kira Auta na ba ta na ce ta karanta mana. Ta karanta. Tun daga sallama har zuwa maganin ido ba ta tsallake kalma ɗaya ba, muryarta kuma ba ta yi rawa ba. Ni kuma ban tsayar da ita ba. Da ta gama ta ninke ta yadda kika ninke, ta ajiye a kan keken ɗinki, ta ce, "Inna, Umma ta ce a gai da Malam." Ta koma ɗaki.

Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Abin da na aiko miki shi kika karanta. Yanzu zan rubuta yadda ya kamata in rubuta tun farko.

Fyaɗe aka yi mata, Yaya. Ga shi na rubuta.

Bayan azahar ne. Mai sito ya aike ta can ciki ta ɗauko bandir ɗin yadi, ya bi ta ya kulle ƙofa. Janareta yana jikin bangon yana aiki, ba wanda ya ji komai. A ƙasa ta tako har gida, ta naɗe jikinta da mayafi, ta zo ta zauna a gindin kekena. Da na janye mayafin na ga rigar aikinta, shuɗiyar nan da kanti ke ba su, mai dogon hannu har wuyan hannu, ta yage daga kafaɗa zuwa hammata. Maɓallai biyu babu. Wuyanta da hannuwanta duk sawun yatsu. Ta faɗa mini wanda ya yi, ta faɗa mini yadda aka yi, da bakinta, tana kallon ƙasa.

Kin san abin da ya fara zo mini a rai? La'asar ta kusa, kuma yarinyar nan ba ta da tsarki. Wallahi shi ne. Na tashi na ɗora ruwa, na kai ta banɗaki na yi mata wanka kamar jaririya, na cuɗe ta ina kuka ina ganin gata nake yi mata. Kayan jikinta kaf na jiƙa su da omo, na wanke na sake wankewa, na shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba sa hange. Da suka bushe na goge su. Sannan na ɗauki rigar na zauna da ita. Kin san hannuna. Daga cikin kalmasar rigar na zaro zare don kala ta zo ɗaya, na tona gwangwanin maɓallai har na sami masu kama. Da na gama na ɗaga ta a haske, na ga ɗinkin bai nuna ba, na ji daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Ban tambaye ta ko tana son zuwa asibiti ba. Ban ma san ana zuwa ba sai in mutum ya karye ko yana zubar da jini.

Ita ce da kanta, bayan an kwana biyu, ta sami ƙawarta mai karɓar kuɗi a kantin ta raka ta asibiti, daga nan suka wuce wurin 'yan sanda. Likita ta ce an makara, wanka kuma ya tafi da mafi yawan abin da ake dubawa. Sai wata 'yar sanda ta biyo ta gida, mace mai hankali, ta ce a kawo kayan da ke jikinta ranar. Na shiga na fito da su a ninke, a goge, suna ƙamshin sabulu. Ta juya rigar ciki da waje tana neman inda ta yage, ba ta gani ba. Na so a ce ta zage ni. Sai cewa ta yi, "Mama, ba ke kaɗai ba ce, haka iyaye da yawa suke yi." Tun daga ranar ban iya haɗa ido da Auta ba.

Shi mutumin ya musa. Ya ce ita ke bin sa, da ya ƙi ta ne ta ƙulla masa sharri. Ƙawarta fitarta kawai ta gani, ita ma tana tsoron aikinta. 'Yar sandan ta ce abin da ya rage shi ne ni. Ni kaɗai na ga rigar kafin ta sha ruwa, ni na ga jikinta. Suna so in zo ofishinsu in faɗa a rubuta, in kuma yarda zan maimaita a gaban alƙali. In ban zo ba, maganarta ce kawai da tasa.

Ina jin tsoro, Yaya. Ban ga abin da idona ba, kuma mun karanta nauyin jifan mutum da irin wannan laifi ba tare da shaidu ba. Malam ya ce matar gidansa ba za ta taka ofishin 'yan sanda ba. Ni ko a gaban surukaina maza ban taɓa ɗaga murya ba. Ban je wurin matar mai kanti ba, ban kuma ɗora miki Auta a mota ba. Ke kika haife ta. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Direba bai dawo ba, matarsa ta ce ita ma ba ta san inda ya tsaya ba. Na kira wayarki ba ta shiga. Wannan ta hannun wani maƙwabcinmu zan aiko, zai kai 'yarsa makarantarku. Na sami sabon tabarau, Malam lafiya.

In fushi kike yi da ni, kina da gaskiya. Na ɗauka kin karanta abin da na yi da sabulu da allura kin ga ba ki da sauran abin ce mini. Ban ga laifinki ba. Sai dai shirun nan ba ni kaɗai yake duka ba. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai in ga labulen ɗakin Auta ya motsa.

Na koma makarantar matan aure da nake zuwa da yamma, don kada a ce ɓuya nake yi. Kafin mai ba mu karatu ta shigo ana ta hira, da suka gan ni aka rage murya, amma ba a daina ba. Wata ta ce 'yan matan yanzu su ke kai kansu. Wata ta ce me ya kai mace sito ita kaɗai, kamar ba aikinta ba ne ɗauko kaya. Wata tsohuwa ta ce ai mai kunya ba ta kai irin wannan wurin hukuma, rufewa take yi. Matar mai kanti tana zaune a sahun gaba tana jan carbi. Ni kuma na buɗe littafina na sa ido a layi ɗaya har aka tashi. Ban ce komai ba, Yaya. Na dawo gida na ce wa Auta karatu ya yi daɗi.

Ba ta cin abinci tare da ni yanzu, sai ta ɗauki kwanonta ta shige. Rigunan da na ƙara wa tsawo su take sawa, har tana taka bakinsu, ba ta taɓa cewa sun dame ta ba. Jiya ta tarar da ni ina shara ta karɓi tsintsiyar, ta ce in Umma na so ta taho wanke tukwane za ta taho, ba sai an wahalar da ni ba. Ta ce ta gane ba kowa ke iya tsayawa ba.

'Yar sandan ta aiko cewa ranar Litinin mai zuwa suke jirana. Ta ce ba za su tilasta mini ba, amma in ban zo ba, ba ta ga yadda maganar za ta wuce teburinta ba.

Ko layi ɗaya ne ki aiko, ko da zagi ne.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kada ki tambayi ƙafa, ban ma san tana ciwo ba yau.

Ba fushi ba ne. Motar direba ce ta lalace a hanya, ya zauna jiran kayan gyara da takardarki a aljihu. Wayata kuma ta faɗa ruwan wanke-wanke. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna, kuma ta baya na fara buɗewa. Ina karantawa ina cewa wane sabulu, wace allura, wace 'yar sanda? Sai na buɗe ta farkon. A bayan kicin na karanta ta, a kan buhun gawayi. Da na zo inda kika ce ita ta karanta takardata da bakinta, na rasa inda zan sa kaina. Shinkafar ɗalibai ta ƙone ranar, shugabar kicin ta yi ta faɗa, ban ji ko kalma ba.

Ni na rubuta mata maganar bango da ƙadangare. Ni, uwarta. Ban tambayi me ya faru ba, ban ce a ba ni ita in ji daga bakinta ba. Dariyar nan da na zaga, ta ubanta ce. Shi ma haka yake yi wa kowa, kuma da ita ya saye ni.

Har na yi miki alfahari da cewa ba wanda ya taɓa tare ni. Da na faɗa wa abokiyar aikina abin da ya faru, wata dattijuwa mai wanke mana kwanuka, sai ta dube ni ta ce, "Ke dai ba ki gamu da mai kulle ƙofa ba ne." Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Na nemi izinin tahowa an ce sai an yi hutu, ba mai riƙe mini tukunya. Na ce ko da bakin aikina ne, sai na tuna in na bar shi ba ta da wani abin dogaro. Don haka ke ce ni a can.

Ki je, Ustaziya. Na san ki, ko kaza za ki kora sai kin ba ta haƙuri. Amma ba wanda ya ce ki rantse a kan abin da ba ki gani ba. Riga kika gani, wuya kika gani, su za ki faɗa. Ke kika fi ni karatu, ki duba mini abin da aka ce game da wanda ya ga abu ya ɓoye. In Malam ya hana, ki ce masa ni na aike ki, ya zo ya same ni a nan mu yi ta a gaban murhu. Kada ki kuskura ki taka gidan matar mai kanti. Maganar ɗora ta a mota kuma na janye, sai in ita ta so.

Wanka da wankin da kika yi, da ni ce a wurin da abin da zan yi ke nan, wataƙila ma har in ƙone rigar. Haka aka koya mana. Ki daina cin kanki, ki tashi ki gyara abin da ya gyaru.

Ga wata 'yar takarda a ciki, tata ce. Na yi ta rubutawa ina yagewa. In ta ƙi karɓa kada ki matsa mata.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da shirun ba na fushi ba ne, Allah ya kai mu hutun lafiya. Muna gaishe ki, a gai da dattijuwar nan mai wanke kwanuka, ki ce ƙanwarki ta gode.

Takardarki ta iso bayan Litinin ta wuce. Na riga na je, Yaya. Da zan so in ce miki ƙarfin hali ne ya kai ni, amma ba shi ba ne.

Ana gobe Litinin, da hantsi, matar mai kanti ta yi sallama. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. Ta yi ta yabon haƙurina, ta ce unguwa ta shaida ni mai rufa asiri ce, ƙanenta ma za a mayar da shi wani reshe kowa ya huta. Sai ta buɗe leda ta fito da rigunan 'yarta, ta ce in ƙara musu tsawo yadda na yi wa na Auta. Ta ce, "Ai kowa ya gani ya yaba. Cewa ake yi ko Innarta ta san inda matsalar take, shi ya sa ta ɗauki almakashi." Auta tana bakin famfo tana wanke kofuna. Ta ji.

Ashe duk zaman da nake yi ina cewa na yi shiru don kada in yi wa wani ƙazafi, na riga na ba da shaida. Kullum Auta ta fita da rigar nan tana jan ƙasa, shaidata ce take yawo a unguwa, kuma a kanta na bayar. Ke ma ita kika karanta.

Na ninke wa matar kayanta na mayar a leda, na ce ta yi haƙuri, wannan aikin ba zan iya ba.

Da safe na sami Malam yana shan shayi. Na durƙusa na ce ban taɓa fita ba da izininsa ba, yau ma shi nake nema, amma ina so ya gaya mini, abin da na gani in na ɓoye, ranar tambaya shi zai amsa ko ni. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya tashi ya sa hularsa ya shige gaba, muka bi shi ni da Auta. A bencin waje ya zauna har muka fito.

Na faɗi abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Inda suka tambayi abin da ban gani ba na ce ban gani ba. 'Yar sandan ta sa na nuna mata ɗinkina a jikin rigar, na bi shi da farce daga kafaɗa zuwa hammata, na nuna maɓallan da ba na asali ba. Ta riƙe rigar. Ba ta ce mana za a yi nasara ba. An dai kira mutumin an tsare shi, an ba da belinsa, maganar kuma za ta je kotu. Zan sake tsayawa a can. Ina jin tsoro, amma zan je.

Da yamma na tafi makaranta. Da mai ba mu karatu ta ce akwai mai tambaya, na ɗaga hannu. Na ce na ji ana kafa hujja da ɗinkina, to rigar da aka yaga a jikin 'yata ta aiki ce, kanti ya ba ta, har idon sawu take. Na ce fyaɗe aka yi mata, ba ta yi laifin komai ba, kuskuren da aka yi a gidanmu ni na yi shi. Kin san muryata. Na bayan aji suka ce ba su ji ba, a maimaita. Sai da na sake faɗa tun daga farko, da kalmar da komai. Matar mai kanti ta tashi ta fita. Tsohuwar nan ta ce wannan ba maganar makaranta ba ce, mai ba mu karatu ta ce in ba a nan ba, a ina?

Wasu sun aiko an karɓe yadinsu daga wurina. Wata kuma da ba mu saba ba ta zo har gida, ta ce gaisuwa kawai ta kawo. Ta riƙe hannun Auta ta daɗe ba ta saki ba, ta tafi ba ta sha ruwa ba.

Yau Auta ta fito da rigunanta duka ta zube a tabarma, ta ajiye reza a kai. Muka zauna a tsakar gida muna warwarewa, ita ta kama ta wuya ni ta ƙasa. Ta ce, "Inna, ke dai ɗinkinki ko na mugunta ne sai ya yi ƙarko." Ta yi 'yar dariya, kaɗan, irin ta babanta. Ƙarin ya fita, sai dai sawun allura yana nan a jikin yadin, ban sani ba ko wanki zai tafi da shi.

Muna cikin haka direba ya yi sallama. Wannan karon ni na fara karantawa. Na ba ta tata, ta shiga ɗaki da ita ta daɗe. Da ta fito ta same ni ina rubuta wannan, ta ce in bar mata wuri a ƙasa. Ban san abin da za ta rubuta ba, kuma na yi mata alkawarin ba zan duba ba.

Ƙanwarki.

Umma, ina wuni. Yaya ƙafa? Na ga saƙonki. Ba zan taho ba, ina nan tare da Inna sai an gama. Takardarki ta farko da bakina na karanta ta. Wannan ta biyun na adana. In an yi hutu ki zo ki karanta mini ita da naki.

Auta.